Fuskokin da Baba Ya Bari a Katangar Challawa

Shekaranjiya maƙwabciyata ta aiko a sam mata kananzir, wai tururuwa sun dame ta a gindin murhu. Na ɗauko 'yar kwalbar da nake ajiyewa, ina buɗe murfin warin ya buge ni, na tsaya riƙe da kwalba kamar an dasa ni, har yarinyar da aka aiko ta ce, "Hajiya, lafiya?" Lafiya lau. Yawancin sa'o'ina in suka ji warin kananzir, fitilar ƙwai suke tunawa da hirar tsakar gida. Ni mahaifina nake tunawa. Kuma in gaya maka gaskiya, mai karatu, ba murmushi ne yake fara zuwar mini ba. Tsaki ne.

Da kananzir yake wanke buroshin fentinsa, kuma bai taɓa yarda akwai bambanci tsakanin gwangwanin aikinsa da kwanon cin abincinmu ba. Duk abin da hannunsa ya kai gare shi ya zama mazubi: moɗar randa, kofin silban Kaka, ƙwaryar da Inna take dama fura. Mun sha koko mai warin kananzir, mun ci tuwo mai warin kananzir, har a makaranta ana ce mini 'yar mai risho. Inna ta ɓoye kwanukanta a ƙarƙashin gado, ya zaƙulo. Ta kai su ɗakin Kaka, ya bi su can. In ta yi magana sai ya dube ta da mamaki na tsakani da Allah, ya ce, "Ai na ɗauraye."

Gidanmu a Ɗorayi yake, tun unguwar ba ta cika ta batse ba, in ka leƙa ta kan katanga gonakin dawa kake gani. Ni ce babba, sai ƙannena maza, sai Inna, sai Kaka wadda ta haifi Baba. Shi ne autanta, da Auta ma take kiransa. Babban ɗanta kuwa, wanda muke kira Baffa, gidansa yana layin gaba. Kaka ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "wancan".

Na buɗi ido na tarar da Baba yana aiki a wani kamfanin kwanuka a Bompai. Da sassafe zai hau kekensa ya ratsa gari gaba ɗaya, ya dawo da yamma wandonsa duk ɗigo-ɗigon ja da kore. Aikinsa sa wa langa da faranti fure. Akwai wani faifan ƙarfe da aka huda da siffar furen, a ɗora shi a kan kwano, a fesa fenti, a ɗaga, a miƙa wa na gaba, kwano ya wuce wuta. Shi ke nan aikin, tun safe har a busa jiniya. Inna takan ce waɗannan ne shekarun da ta san tana zaman aure kamar kowa, ƙarshen wata buhun gero ya shigo, ranar Juma'a a ga nama a miya.

Amma Baba ya tsani furen nan tsana ta gaske. Yakan zauna a ƙofar ɗaki yana juya murfin langa a hannu, ya ce, "Ku duba mini nan. Wa ya taɓa ganin wannan a gona? Ba na kabewa ba, ba na kuɓewa ba, ba na rama ba. Ƙarya kawai muke bugawa, mutane suna cin abinci a ciki."

Kaka ta ce, "Auta, ƙaryar nan ita take ciyar da kai. Ka ƙyale ta."

Ina fa zai ƙyale. Sai ya fara shiga aiki da wani ɗan siririn buroshi a aljihu. Kafin kwano ya wuce wuta, ya saƙala masa fara a kan ganye, ko ƙadangare yana leƙe ta bayan fure. Ka san yadda mata suke da jere: murfi ya yi kama da murfi, daga ƙarami har babba, in ɗaya ya saɓa an ɓata ɗakin amarya. 'Yan kasuwa suka fara dawo da kaya, wai uwar amarya ta buɗe langa ta ci karo da ƙadangare. Foman, wato shugaban ma'aikata, ya ja masa kunne, ya sake ja. Abin da Baba ya saka masa da shi, ya zana fuskarsa, har da gashin baki da hular nan tasa, a cikin gindin fo ɗin yara. Aka gasa fo ɗin, ya fito yana ƙyalli, ya zaga kamfanin hannu da hannu kafin ya isa ga mai fuskar.

Ranar da rana tsaka muka ji ƙararrawar keke. Inna tana daka, ta tsaya da taɓarya a hannu.

"Malam, yau da wuri haka?"

"Sun ce na fi ƙarfinsu," in ji shi, yana dariya har da hawaye.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da dakanta, sai dai ranar na zaci turmin zai tsage.

Daga nan ya koma cin gashin kansa, yana rubuta allunan shago, yana zanen bodin manyan motoci a Sharaɗa. Hannu kam Allah Ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. In ya zana zaki a bayan mota, yara ba sa yarda su taɓa wurin bakin. Matsalar ita ce ba ya yin abin da aka sa shi, kuma ba ya gama abin da ya fara. Mai aski ya ce a zana masa kawuna masu kyau, Baba ya zana masa mutanen da suke zuwa askin da gaske, har da mai sanƙo da mai ƙeya, kowa a unguwa ya gane kansa, aka yi ta rigima. Direba ya kawo mota a rubuta masa addu'a a goshi, Baba ya riƙe motar yana zana kogi da masunta a gefenta, kaya suna jira a tasha.

A lokacin ne muka fahimci abin ba taurin kai kaɗai ba ne. A gida muna da yadda muke faɗa: ko a ce Baba ya tashi, ko a ce Baba ya kwanta.

Yawanci da bazara yake tashi, lokacin da zafi yake hana kowa sakat. Idanunsa su yi ta sheƙi, maganarsa ta ƙi tsayawa, abinci ya bushe a gefensa bai sani ba. Duk abin da ya tsaya wuri ɗaya a gidan nan sai ya sha fenti. Turmi, ƙyauren ɗaki, akurkin kaji. Akuyar Kaka ta wayi gari da shuɗin ƙaho. Wata rana Inna ta wanke farar rigata ta makaranta ta shanya, ya zo ya ga fari fes a kan igiya, ya kasa haƙuri. Ya cika bayan rigar da balbelu suna tashi. Ba ni da wata rigar, haka na sa ta na tafi. Shugabar makaranta ta fito da ni gaban layi, ta juya ni kowa ya gani, ta zane ni. Na dawo ina kuka, na tsaya a gabansa don ya ga abin da ya jawo mini. Ya juya ni shi ma, ya duba balbelun, ya ce, "Malamar nan ba ta da ido."

In kuma ya kwanta, sai gidan ya yi nauyi. Ya juya wa duniya baya ya fuskanci bango, ba wanka, ba magana. Inna ta ajiye abinci da zafinsa, ta ɗauke shi da sanyinsa. Ita ce take yin alala da dafa-duka, ni in ɗauka zuwa ƙofar kamfanonin Sharaɗa lokacin da masu aikin safe suke fita, na rana suke shiga. Da wannan muka ci muka sha. Masu alluna su zo su yi ta buga ƙofa, a turo ni zaure in ce ba ya nan, alhali ga kekensa a jingine a bayana suna kallo. Tun ban kai a kira ni budurwa ba na ƙware a ba manya haƙuri.

An yi magani, kada ka ce ba a yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi har sai da mu masu lafiya muka fara tari. Wani mai magani daga ƙauye ya ce aljana ce ta aure shi, Inna ta ce in haka ne ta zo ta karɓi kwanan girkinta. Baffa ya kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyi. Sun kwantar da shi kam, amma sai hannunsa ya kama rawa. Ranar da ya ɗauki buroshi ya ga layi ya karkace, ya tattara ƙwayoyin ya zuba a masai. Ya ce wa Baffa, "Gara haukana da hannu a tsaye, da hankalinku da hannu yana rawa."

Baffa mutum ne da ba ya son raini, ba ya son a nuna shi da yatsa. A wani kamfanin fata yake aiki a Challawa. Da lebura ya fara, yana dakon ɗanyun fatu a ka, har Allah Ya ɗaga shi ya zama shugaban masu tantance fata. Tun da ya samu wannan matsayi bai ƙara fita ba sai da farar riga da hula a karye, kuma ba ya son a tuna masa zamanin dako. Ƙaninsa ya zame masa ƙaya a ƙafa. Duk inda ya zauna sai an ce, "Ba wanku ne ba, au, ƙaninku, mai fentin nan?" Yakan kuma yi masa faɗa a kan zanen mai rai, ya ce yana kore wa gida mala'iku. Duk da haka jini ba ya ƙarya. Da ya ji kamfaninsu yana neman mai fentin katanga, ya je wurin manaja ya tsaya wa Baba.

Ina shara a zaure lokacin da ya zo da maganar.

"Ka shafe katanga da fari, ka rubuta sunan kamfani da baƙi. Ba tsuntsu, ba ƙadangare, ba ɗan'adam. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya."

"Mutuncina na jingina aka ba ka aikin nan. In ka zubar da shi, ba ni da wani."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro."

Ranar Inna har sadakar waina ta yi.

Bayan babbar Sallah ne, lokacin da fatun layya suke cika kasuwa, sai aka tura Baffa wajen Haɗejia da Gumel sayen fata. Baba ya fara aiki lafiya lau. Ya shafe gaban kamfanin, ya ja layi, ya rubuta rabin sunan da baƙaƙen da kowa ya ce bai taɓa ganin masu kyansu ba. Sai aka busa jiniyar cin abinci. Ya ga leburori suna fitowa ta ƙaramar ƙofar gefe, suna zama a gindin katanga, suna shanya hannuwansu da maganin fata ya ci a rana kafin su iya riƙe loma. Shi ke nan. Ya sauko daga tsani, ya ɗauki gwangwanayensa ya zaga gefe, ya bar sunan kamfani a gutsure.

Manaja ta ƙofar gaba motarsa take shiga. Kullum ya ga rabin suna ya tambaya, a ce masa mai fenti yana zuwa. Maigadin ƙofar gefe wani Buzu ne daga Nijar, shi ya kamata ya kai rahoto, to amma shi Baba ya fara zanawa, da rawaninsa da 'yar butar shayinsa, don haka ya ja bakinsa ya yi shiru, har yana riƙe masa tsani. Mu a gida mun ga alamun tashi, amma muka ce tun da yana fita aiki kullum, a gode wa Allah.

Ranar da asiri ya tonu, wani maƙwabcinmu da yake aiki a can ya aiko a gaya wa Kaka ta yi maza, 'ya'yanta za su kashe juna. Ta yafa mayafi, ta dafa kafaɗata, muka shiga motar kiya-kiya. Wanda bai taɓa zuwa Challawa a wancan zamani ba, ba zai gane warin ba: ɗanyar fata, da magani, da wani abu kamar ruɓaɓɓen ƙwai da yake kama maƙogwaro. Kwatoci suna gudu da ruwa mai launi, nan shuɗi, can ja-ja, duk suna gangarawa kogi. Muka sauka, muka bi inda muka ga taro.

Ban san yadda zan kwatanta maka katangar nan ba. Tun daga ƙaramar ƙofa har kwana, mutane ne a jere, tsayinsu tsayin mutum. Ba wanda aka ƙawata. Ga mai gyara fata da hannuwansa da magani ya cinye, ga mai tari ya dafe ƙirji, ga wani yana dariya da wushiryarsa, ga mai tallar kunu tana miƙa ludayi. A ƙarƙashin ƙafafunsu ruwan kwata yana gudu da launinsa. Masu fuskokin suna tsaye a gabanta. Wasu suna nuna juna suna dariya, wasu sun ƙura wa fuskokinsu ido. Yawancinsu ba su taɓa ganin kansu a hoto ba, in ban da ɗan ƙaramin nan na katin aiki.

A tsakiya kuwa ga Baffa. Ba Baffa mai farar riga ba. Baffa yana saurayi, da gajeren wando, ɗaurin fatu a kansa ruwansu yana zuba a wuyansa, bayansa a tanƙware, ya cije leɓe. Kaka ta saki kafaɗata ta matsa kusa. Ta daɗe tana kallo. Sai na ji ta ambaci sunan da ban taɓa ji a bakinta ba, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci.

Baffa na gaske yana gefe, ko gida bai biya ba daga tafiya, fuskarsa kamar an shafa toka. Manaja ya riga ya yanke masa hukunci: ko ya shafe katangar da hannunsa kafin a tashi aiki, ko ya kama hanya shi da ƙaninsa. A gaban yaran da yake ba umarni, Baffa ya tuɓe farar rigarsa ya miƙa mini, ya kwaɓa farar ƙasa a bokiti, ya hau tsani. Da kansa ya fara, ya shafe saurayin nan mai dako.

Na zaci Baba zai yi kuka, ko ya yi kokawa. Da ya yi haka da na ji tausayinsa. Zama ya yi a ƙasa ya harɗe, yana kallon aikin wansa da idon gwani. Can ya ce, "Yaya, ba haka ake riƙe buroshi ba. Daga sama ake jawowa. Ga shi can ka bar tabo."

Baffa ya sauko daga tsanin nan da sauri, hannunsa a ɗage. Kaka ta ce, "Kul." Kalmar ke nan. Hannun ya tsaya a sama yana ɗigar fari, sannan ya sauka. Ya koma ya hau tsani.

Washegari Inna ta ɗaure kayanta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ta ce, "Iya, na gaji."

Kaka ta ce, "Je ki huta, 'yata. Ni da na haife shi ba ni da inda zan kai yaji."

A ƙauyen su Inna muka yi damina. Wanda ya zo biko ba Baba ba ne, shi yana can ya fuskanci bango. Baffa ne ya zo, shi da ya rantse ba zai ƙara shiga sabgar ƙaninsa ba. Ya zauna a gaban kakana na wajen uwa, kansa a ƙasa, ya ce, "Ba don shi na zo ba. Tsohuwa ce take tuƙa tuwo da kanta, hannunta ba ya iyawa." Inna ta koma. Na tambaye ta dalili bayan na girma, ta ce in daina tambayar abin da ita ma ba ta sani ba.

To, farar ƙasa ba ta jure ruwa, Baba kuwa fentin mai ya sa. Kafin damina ta ƙare, fuskokin suka fara leƙowa, ido nan, hannu can, har suka fito sarai. Manaja ya sa aka kira Baffa ya sake shafewa. Damina ta gaba suka sake fitowa. Abin ya zama aikin Baffa na shekara-shekara, kamar biyan haraji. Duk ranar da ya yi shi, sai ya biyo ta gidanmu da fari har a gemu, ya tsaya a zaure ya ɗaga murya: "Kai! Wai wane irin fenti ka sa a katangar nan?" In Baba yana cikin halin magana, sai ka ji daga ɗaki, "Mai kyau."

Ana haka wata rana wata mata ta yi sallama, da goyo a bayanta, da falankin katako a hannu. Kirista ce, 'yar kudancin Zariya kamar yadda ake cewa a lokacin. Mijinta yana cikin mutanen katanga, ciwon ƙirji ya kashe shi. Ta ce duk ƙarshen damina takan kai yaranta su ga ubansu kafin a shafe shi, yanzu kuma ta ji za a yaɓe katangar da siminti. Ko Malam zai taimaka ya zana mata shi a wannan katako?

Inna ta ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Ba shi da lafiya. Mu da muke gidan ma ba ya yi mana magana."

Matar ta ce, "Ba komai, Mama, zan jira." Ta zauna a gindin turmi ta kwance goyonta.

Har aka yi azahar tana nan. Inna ta zuba mata abinci, ta ci. Sai muka ji ƙyaure ya motsa. Baba ya fito, gashi buzu-buzu, ido yana ƙyafƙyaf da hasken rana. Bai gaishe ta ba. Ya ce, "Mai wushirya? Mai tabo a gira?" Ta ce shi ne. Ya karɓi katakon ya zauna, kafin la'asar sakaliya ga mutum yana dariya a tsakar gidanmu. Matar ta rufe baki da gefen zane. Inna ma ta juya tana goge ido, ni kuma na ce a raina yau dai Baba ya yi abin kirki har ƙarshe.

Matar ta miƙa hannu, ya janye katakon. Wai kunnen bai yi ba, ta dawo jibi. Ta dawo, ya ce saura inuwar wuya. Ta sake dawowa daga Challawa da goyonta cikin zafin rana, ya ce ya fasa, zai goge ya sake sabo. Inna ta jira ya shiga wanka, ta shiga ɗakinsa ta ɗauko katakon, ta naɗe shi a tsohon zaninta, ta danƙa wa matar, ta raka ta har zaure tana cewa, "Yi sauri, kada ki waiwaya." Baba ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar Inna. In ya wuce ta sai ya ce, kamar da bango yake, "Kunnen bai yi ba."

Na shiga makarantar horon malamai lokacin da ƙirjinsa shi ma ya fara ba shi wahala. Wani hutu na same shi a ƙofar ɗaki yana shan iska, ya rame, amma hankalinsa a kwance, irin 'yan ranakun nan da yake zama uba kamar na kowa. Na zauna kusa da shi. Abin da ya daɗe yana ci mini rai ya fito.

"Baba, kun zana maigadi, kun zana mai aski, kun zana mutanen da ko sunansu ba ku sani ba. Ni fa?"

Ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske, ya karkata kai, ya daɗe yana dubawa. Ban taɓa jin an kalle ni haka ba, kafin nan ko bayan nan. Ya ce, "Fuskarki ba ta zauna ba tukuna. Yau ta uwarki, gobe ta tsohuwa. Bari ki gama zama ke, sai in yi miki."

Ya rasu a shekarun da kamfanoni suka fara sallamar ma'aikata, kafin in gama makaranta. Baffa ne ya yi masa wanka, ya fito yana faɗa, wai ya yi ta cuɗawa fentin ƙarƙashin farcen ya ƙi fita, sannan ya zauna a dakali ya rufe fuska da hularsa.

Yanzu in ka bi hanyar, kamfanin ya daɗe da rufewa, an rushe katangar an jera shaguna, 'yan adaidaita suna lodi a inda leburori suke cin abinci. Jikana da yake karatun zane a jami'a yakan zo ya zaunar da ni, ya ce in ba shi labarin kakan nan nasa. Yana kiransa gwani, yana cewa zamaninsa ne bai gane shi ba, wai ciwon ma yana da suna, yana da maganin da ba ya sa rawar hannu. Na yarda. Amma nakan ce masa gwani daɗin labari gare shi, ba daɗin zama ba, in yana neman wanda zai yaba, ya fara da matar da ta ciyar da gwanin.

Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Ni kuwa jikokina kullum waya tana fuskata, su ɗauka su nuna mini, su goge su sake. Nakan karɓa in duba. Fuskar ta zauna tuntuni, har ta fara zubewa, ba ta Inna ba ce, ba ta Kaka ba, tawa ce. Aiki ɗaya tak na taɓa ba mutumin nan, ya ce in jira, na jira, ya tafi ko layi bai ja ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Amma in Allah Ya haɗa mu, sai ya ji daga bakina.